Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitin Majalisar Wakilan Kanada mai kula da ƙwadago, kan masu dawowa neman alawus ɗin rashin aiki duk shekara

Masu girma shugaba da mambobin kwamiti,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto wannan takarda aikinmu shi ne taimaka wa ma'aikata wajen neman alawus ɗin inshorar rashin aiki: lissafin awanni, duba takardar sallama, da rubuta ƙorafi idan an hana mutum. Tun tuntuɓar jama'a da gwamnati ta yi a 2021 da 2022 ake jiran gyaran wannan doka, kuma duk sanda maganar ta taso sai an sami mai cewa a fara da waɗanda ke dawowa kowace shekara, a rage musu kuɗi ko a matsa musu su karɓi duk aikin da ya samu. Muna roƙonku kada ku yarda a bi wannan hanya karo na uku. An bi ta a 1996, an sake binta a 2013, kuma duka biyun gwamnati ce da kanta ta dawo ta kwance abin da aka ɗaura. Ranar da za a sallami ma'aikaci da ranar da za a kira shi ya dawo, mai kamfani ne ke sa su, ko hukumar makaranta, ko ma'aikatar da ke buɗe lokacin kamun kifi ta rufe. Dokar da ta hukunta ma'aikaci kan wannan ta bar jaki tana dukan taiki.

Masu neman a tsananta suna da hujja, kuma ba za mu ɓoye ta ba. A 2025 ana cire wa ma'aikacin da ke wajen Quebec dala 1.64 cikin kowace dala 100 ta albashinsa har zuwa dala 65,700 a shekara, mai kamfani kuma ya biya ninki 1.4 na abin da aka cire. Farashi ɗaya ne ga bankin da da wuya ya sallami kowa da kamfanin shimfiɗa kwalta da ke rufe ƙofa da zarar ƙanƙara ta sauka. Tun 1990 gwamnatin tarayya ta daina zuba nata kason a asusun, saboda haka duk dalar da aka biya wani daga aljihun wani ma'aikaci ta fito. Matar da ke aikin rabin yini a kanti a yankin da rashin aiki bai wuce kashi 6 cikin ɗari ba sai ta tara awa 700 kafin a saurare ta, alhali awa 420 ta ishi wanda ke yankin da ya haura kashi 13. Tana zubi kowane mako, kuma mai yiwuwa ba za ta taɓa ɗauka ba. Masana tattalin arziki Peter Kuhn da Chris Riddell sun kwatanta lardin New Brunswick da jihar Maine ta Amurka da ke maƙwabtaka da shi, daga 1940 zuwa 1991, suka gano cewa sassaucin inshorar Kanada ya ƙara yawan masu aikin wani sashe na shekara kawai. Duk wannan gaskiya ne. Inda muka raba hanya da su shi ne wa za a ɗora wa kuɗin gyaran.

Dokar 1996 ta ɗora shi kan mai nema. Asalin alawus kashi 55 ne na albashin mako. Sabuwar ƙa'ida ta ce duk mako 20 da mutum ya karɓa cikin shekaru biyar da suka wuce za a zaftare masa maki ɗaya, har ya sauko kashi 50. Mai albashin dala 600 a mako ya koma karɓar dala 300 maimakon 330. An zaci dala talatin za ta sa shi ya nemi aikin shekara cur. To amma a ƙauyen da masana'antar sarrafa kifi ce kaɗai mai ɗaukar mutane, babu aikin hunturu da zai nema, sai dai ya rage cefane. A zaɓen 1997 jam'iyyar Liberal ta rasa dukkan kujeru 11 na Nova Scotia, Doug Young kuwa, ministan da dokar ta wuce a hannunsa, ya sha kaye a mazaɓar Acadie-Bathurst a hannun Yvon Godin. A 2001 majalisarku ta soke ƙa'idar, ta mayar da sokewar baya zuwa Oktoban 2000, kuma dalilin da gwamnati ta bayar shi ne ba ta rage yawan dawowa ba, horo kawai ta zama.

Na biyun ya fi tsari a takarda, ya kuma fi ɓarna. Ministar da ke kula da inshorar a lokacin, Diane Finley, ta sanar da shi a Mayun 2012, ya fara aiki ran 6 ga Janairun 2013. An raba masu nema gida uku. Wanda ya daɗe yana zubi kuma bai karɓi fiye da mako 35 ba cikin shekaru biyar, an ba shi mako 18 ya nemi aiki a sana'arsa kan kashi 90 na tsohon albashi. Wanda ya buɗe fayil na neman alawus sau uku ko fiye kuma ya karɓi sama da mako 60 cikin shekaru biyar, shi ne aka kira mai yawan nema: daga makon farko dole ya karɓi aiki mai kama da nasa kan kashi 80, daga mako na bakwai kuma kowane aiki da zai iya kan kashi 70, ko da tafiyar awa guda ce daga gidansa. Sauran mutane suna tsakiya. Wanda ya ƙi aikin da ofis ya ga ya dace ana iya dakatar masa da alawus na mako 7 zuwa 12.

Ku duba ma'aunin da kyau. Fayil uku da mako 60 cikin shekaru biyar, ai mako 12 ne a shekara. Kusan duk mai aikin gini, mai yankan katako, mai aikin otal a bakin teku da direban motar 'yan makaranta ya faɗa ciki ba tare da ya yi wani laifi ba. Mai gyaran injin jirgin ruwa da ke karɓar dala 16 a awa sai ya yarda da dala 11.20. Idan ya karɓa, sannan bazara ta zo tsohon kamfaninsa ya kira shi, ya shiga tsaka mai wuya, domin tun 1993 wanda ya bar aiki da kansa ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba ya rasa alawus gaba ɗaya, awannin da ya tara kafin barin kuma ba a lissafa su. Idan ya zauna a sabon aikin, kamfanin da ya horar da shi shekara goma ya rasa shi. Shi ya sa masu otal da masu masana'antar kifi suka fito tare da ƙungiyoyin ƙwadago, abin da ba a saba gani ba. Firimiyoyin lardunan Atlantika huɗu suka nemi a dakatar, majalisar Quebec ta yi watsi da gyaran baki ɗaya, aka yi babbar zanga-zanga a Montreal a Afrilun 2013. A shekarar ne kuma aka rushe kwamitocin sauraren ƙorafi masu mutum uku, da wakilin ma'aikata da na masu kamfani a ciki, aka maye su da kotun da mutum ɗaya ke yanke hukunci. A zaɓen 2015 dukkan kujeru 32 na Atlantika sun tafi ga Liberal, a Yulin 2016 aka soke rabe-raben.

Abin da aka soke ya tafi, amma ainihin matsalar tana nan cikin jadawalin da ke ƙarshen dokar, kuma nan muke so ku zauna ku yi lissafi. Abu uku ne ke rataye da adadin rashin aikin yankin da mutum yake zaune: awannin da zai tara cikin mako 52, yawan makonnin da za a biya shi, daga 14 zuwa 45, da kuma yawan makonni mafi tsoka da za a raba albashinsa da su, daga 14 zuwa 22. Ga misali, lissafi ne kawai. Wata mai ɓarar ƙaguwa ta yi mako 14 tana awa 50 a mako kan dala 18. Awa 700 ke nan, dala 12,600. Idan rashin aikin yankinta kashi 13.5 ne, za a raba kuɗin gida 14, ya ba da dala 900, kashi 55 ɗinsa dala 495 a mako, na tsawon mako 30. Haɗa mako 14 na aiki, da mako ɗaya na jira da ba a biya, da mako 30, ya zama 45. Saura mako 7 babu albashi babu alawus. Wannan tazarar ce mutanen yankin ke kira baƙin rami.

Yanzu a ce adadin ya sauko kashi 9.5. Matar nan ba ta canza komai ba, kamfani bai ƙara mata rana ko ɗaya ba, domin ƙaguwar da aka yarda a kama ta ƙare. Amma za a raba dala 12,600 gida 18, tamkar ta yi mako huɗu kyauta, ya ba da dala 700, alawus ya koma dala 385. Makonnin biya su sauko 22. Ramin ya tashi daga mako 7 zuwa 15. Kowane maki ɗaya da adadin ya sauka yana cin mako biyu, ya kuma rage kuɗin mako.

Sannan me ke saukar da adadin? Hukumar ƙididdiga tana fitar da shi ne daga matsakaicin wata uku na binciken ma'aikata. A Gaspésie ko Côte-Nord na Quebec, ko yankin Acadie na New Brunswick, yana iya sauka saboda matasa sun tafi Alberta, ko dattawa sun yi ritaya, ko wani birni da ke cikin iyakar yankin ya sami sabon asibiti. Babu ɗaya cikinsu da ya samar da aikin Fabrairu a ƙauyen da ke nisan kilomita ɗari biyu. Iyakar ma kanta tana haifar da rashin adalci. Tun Oktoban 2014 da aka raba tsibirin Prince Edward gida biyu, Charlottetown da sauran lardin, mutum biyu na iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa a teburin aiki ɗaya, awanninsu ɗaya, amma makonninsu su bambanta saboda ana bin adireshin gida ne.

Gwamnati ta san da wannan. Tun 2018 ake ƙara wa masu aikin yanayi har mako biyar a yankuna 13, da sharaɗin sun buɗe fayil uku cikin shekaru biyar, biyu daga ciki a daidai lokacin shekara da na yanzu. Abin dariya, kusan ma'aunin da aka yi amfani da shi a 2013 don matsa wa mutum shi ne yanzu ake amfani da shi don ƙara masa. Sai dai shirin na wucin gadi ne, ana ta sabunta shi kasafi bayan kasafi, kuma a misalinmu mako biyar ya bar rami na mako goma. Wanda ya shigo sana'ar bara ko bana ba ya ciki sam. Muna neman a shigar da ƙarin cikin doka dindindin, a kuma sa birki ga jadawalin: ga wanda aka tabbatar mai aikin yanayi ne, kada matakinsa ya sauka fiye da ɗaya a shekara, kuma kada a raba albashinsa da makonnin da babu aiki a cikinsu. Ba sabon abu muke nema ba. Daga Satumban 2021 zuwa Satumban 2022 awa 420 aka nema a faɗin ƙasar, a 2025 kuma, lokacin rikicin harajin kaya da Amurka, gwamnati ta ɗaga adadin rashin aikin da ake lissafi da shi a yankuna na ɗan lokaci da kanta don sauƙaƙa shiga. Abin da aka iya yi wa ma'aikatan ƙarfe da na motoci za a iya yi wa masu kifi.

Mu dawo kan hujjar masu tsanantawa, domin tana buƙatar amsa ta gaske. Akwai kamfanonin da teku ko ƙanƙara ba su tilasta musu rufewa ba, sun dai gano cewa sallamar mutane mako takwas duk shekara ta fi musu araha tunda asusu zai riƙe musu su. Hukumomin gwamnati ma suna ciki: makarantu na sallamar mataimakan aji da sauran ƙananan ma'aikata a ƙarshen Yuni su dawo da su a Satumba, wato lardi ya tura wa asusun tarayya albashin hutunsa. Maganin wannan shi ne kuɗin zubin mai kamfani ya bi tarihin sallamarsa. Jihohin Amurka sun daɗe a kan haka, tun daga Wisconsin a 1932. Faransa ta fara nata a Satumban 2022 a sassa bakwai, ciki har da otal da abinci, da sufuri, da sarrafa kayan abinci, ga kamfanoni masu ma'aikata 11 zuwa sama, inda a lokacin farashin ke tashi zuwa kashi 5.05 ko ya sauka zuwa kashi 3 maimakon 4.05 na kowa. Kanada ma tana da ƙofar: akwai shirin rage zubi ga kamfanonin da ke da nasu tsarin biyan marasa lafiya, saboda haka hukumar haraji ta riga ta saba da farashi daban-daban.

In za ku ɗauki wannan, ku ɗauka da idanu buɗe, domin yana da nasa illoli. A kwatanta kowane kamfani da takwarorinsa na sashe ɗaya, kamar yadda Faransa ta yi, in ba haka ba duk masana'antun kifi za su biya mafi tsada kan abin da ba su da iko a kai, ƙananan cikinsu su rufe. A yi lissafi kan shekaru uku, don kada mugunyar shekara ɗaya ta kashe kamfani. A ɗora sallamar ma'aikatan wucin gadi kan kamfanin da ya yi amfani da su, in ba haka ba kowa zai koma ɗauko mutane ta hannun 'yan kwangila. A hana buɗe sabon kamfani da sabon suna don wanke tarihi. Dabarar ta yi yawa a Amurka har majalisarsu ta yi doka a kanta a 2004. Babbar illar kuwa tana kan takardar sallama. Yau mai kamfani ba ya asarar komai idan ya rubuta harafin A, wato aiki ya ƙare. Ranar da harafin ya fara jawo masa kuɗi, wasu za su koma rubuta E, ya bar aiki da kansa, ko M, an kore shi, su bar ma'aikaci da jiran bincike makonni babu ko sisi. Don haka dole Service Canada, hukumar da ke biyan alawus, ta riƙa bibiyar duk kamfanin da harufansa suka sauya salo kwatsam, a ci gaba da biyan ma'aikaci yayin da ake bincike idan tarihin shekarun baya ya nuna sallamar yanayi ce, tarar ƙarya kuma ta fi ribar da ake samu da ita. Akwai kuma batun rufi: kamfanin da ya riga ya kai farashi mafi tsada ba ya jin zafin ƙarin sallama, saboda haka kada tazarar ta yi ƙanƙanta har ta zama ado.

A ɓangaren ma'aikaci, idan burinku ya yi aiki lokacin hunturu, ku cire ƙayar da ke hanyarsa. Ƙa'idar yanzu tana barin mai alawus ya riƙe santi 50 na alawus ɗinsa kan kowace dalar da ya samu, har zuwa kashi 90 na tsohon albashinsa, kuma wannan ya yi daidai. Abin da ke hana mutane shi ne tsoron ranar komawa. Doka ta yarda da barin aiki idan akwai tabbacin wani nan kusa, amma jami'i ne ke auna kowane fayil, kuma barin aikin da ba shi da ranar ƙarewa zuwa na wata huɗu yana jawo tambayoyi masu yawa. Mutumin da ya san kuskure ɗaya zai cinye masa alawus ɗin shekara ba zai yi kasada ba, zai zauna gida. A rubuta ƙarara cewa komawa ga kamfanin yanayi da takardar kira a hannu dalili ne karɓaɓɓe. Haka batun karatu: tun 2018 wanda ya daɗe yana zubi zai iya neman izinin shiga kwas da kuɗinsa yana karɓar alawus, amma mai dawowa duk shekara, wanda ya fi kowa samun wata huɗu a jere babu aiki, sai ya bi ta hannun lardi a tura shi. A buɗe masa ƙofar shi ma, a kuma tsara kwasa-kwasan su fara a Nuwamba su ƙare kafin Afrilu.

Masu babban albashi da ake yawan kafa hujja da su, doka ta riga ta taɓa su. Wanda kuɗin shigarsa ya wuce ninki 1.25 na iyakar albashin inshora, dala 82,125 a 2025, yana mayar da har kashi 30 lokacin biyan haraji, kuma wanda bai karɓi alawus ba cikin shekaru goma da suka wuce ne kaɗai aka yafe wa. Idan kuna ganin bai isa ba, ku gyara wannan adadin, ku ƙyale mai dala 385. Masu ƙarya ma akwai tara a kansu da ƙarin awanni a fayil na gaba. Kuma tunda ana maganar wa ke zubi wa ke ɗauka, ku tuna da ma'aikatan gona da ke zuwa daga Jamaika tun 1966 da Meziko tun 1974: ana cire musu kuɗin inshora kowane mako, amma da kaka ta ƙare sun bar ƙasar, mafi yawansu ba sa ganin alawus ɗin rashin aiki ko sau ɗaya.

Kafin ku kaɗa ƙuri'a kan kowane gyara, ku umarci Hukumar Inshorar Aiki ta kawo muku alƙaluman da ke cikin takardun sallama da ta riga ta tara: cikin masu dawowa, nawa ne suka koma wurin wanda ya sallame su, a wane sashe, a wane wata, kuma nawa ne ma'aikatan hukumomin gwamnati. Ku nemi a lissafa muku tsawon ramin yanki-yanki ga mai awa 420, da mai 560, da mai 700. Zaman sauraren jama'a kuma a kai shi Caraquet da Gaspé da Corner Brook, garuruwan bakin teku na gabashin ƙasar, a watan Maris, lokacin da fayilolin ke ƙarewa, a gayyaci masu kamfanonin yankin su zauna a ɗaki ɗaya da ma'aikatansu.

Mun gode da lokacinku.

Naku,
Masu taimaka wa ma'aikata kan neman alawus da ɗaukaka ƙara